Mutuwa Ta Ƙi Padrino

Shafi na 14

Masu cika min sharhi da "ka yafe masa, tsoho ne," na gani. Ku karanta wannan tukuna.

*

Yau kwana tara Arístides Palacios yana mutuwa, bai mutu ba.

Likitocin birnin Quibdó sun sallamo shi, sun ce a kai shi ya cika a gida. Fada, limamin coci, ya zo a kwalekwale ran Talata, ya shafe shi da mai, ya sa masa gurasar tarayya a baki. Gurasar ta ƙi wucewa. Fada ya duba agogo ya koma kogi. Ƙauyuka goma sha biyu ne a wuyansa, shi kaɗai. Sai bayan wata biyu kuma.

Tun ranar tsohon ba ya ci, ba ya sha. Suna ɗaya yake kira.

Nawa.

Da hantsi 'yarsa Dioselina ta sake zuwa. Zuwa na uku ke nan. Ta tsaya a gindin matakalar gidanmu, ruwan sama na dukanta, ta ƙi hawowa.

Mama na zaune a baranda tana ɓare agade. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Inna Orfelina."

"Na ji ki tun jiya."

"Bayansa ya fara ɗoyi. Da ransa yake ruɓewa. Don Allah ki zo."

"Fada ya shafe shi. Me ya rage?"

"Kyandir. Kin fi ni sani. Ba ya ganin hanya."

"Akwai kyandir a kanti."

"Na kanti duhun ɗaki yake kora, Inna. Ba shi nake nufi ba."

Shekara talatin babu wanda ya mutu a garinmu Playa Mansa ba uwata a kansa. Fada nesa yake, mutuwa kuma kusa. A hannunta kyandir yake, wanda ake sa wa albarka sau ɗaya a shekara, ranar idin Budurwa Maryamu ta Candelaria, a watan Fabrairu. Ita ke damƙa shi a hannun mai shirin tafiya, ta rufe hannun da nata, ta dinga kiran sunan Yesu a kunnensa har numfashi ya tsaya. Daga nan ta tayar da alabao, waƙar rakiyar mamaci, mata su amsa. Ta raka mashaya. Ta raka mutumin da ya sace mana alade.

Padrino Arístides, uban baftismata, shi ne na farko da ta ce wa a'a.

Dioselina ta juyo gare ni. Ina bakin ƙofa ina ɗinke komar kamun kifi.

"Efrén, kai yake kira. Shi ya riƙe ka gaban ruwan baftisma."

"Da hannu ɗaya," na ce. "Ɗayan ajiye shi ya yi don nuna ubana."

Ina shekara goma masu bindiga suka sauko daga daji. Suka tara mazan gari a filin ƙwallo, suka ce wa ya ƙetarar da sojoji kogi. Padrino ya ɗaga yatsa. Suka ja ubana, Nemesio Chaverra, zuwa bakin ruwa. Harbi uku. Suka ce duk wanda ya tsamo gawa daga kogi zai bi ta. Ba gawa, ba kabari, ba zaman kwana tara. Matar da ta yi wa gari duka waƙa ba ta yi wa mijinta ba, don ba a tayar da alabao ga wanda ba a ga gawarsa ba.

Maganar yatsan nan sai makon jiya na ji ta. Gari ya sani, ya haɗiye. Shekara goma sha ɗaya, duk inda muka haɗu sai na sunkuyar da kai na ce, "Albarka, Padrino." Ya ɗora min hannu a ka.

Wancan hannun.

Dioselina ta share ruwa daga fuskarta.

"Jiya da ya ɗan farfaɗo ya yi wata magana."

Ta ɗaga kai ta dubi Mama.

"Ya ce Nemesio ba ya cikin kogi. Ya ce ya san inda yake."

Wuƙar Mama ta zame, ta yanki yatsanta.

Tun kafin a haife ni uwata ke ɓare agade. Ban taɓa ganin ta yanke ba.

"Sambatun ciwo ne," ta ce, ta sa yatsan a baki. "Koma gida, yarinya. Ki jiƙa masa leɓe da tsumma. Abin da zan iya ce miki ke nan."

Dioselina ta tafi tana kuka. Mama ta juyo.

"Ba za ka je ba."

"Ban ce zan je ba."

"Na ga ƙafarka."

"Mama, in da gaske ya san inda..."

"Maƙaryaci ne. Da ƙarya ya rayu, da ita zai mutu. In ka taka gidan can, ban yafe nonon da ka sha ba."

Na ɗauka ƙiyayya ce ke magana. Har daɗi na ji. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Ta tashi, ta cika kofin gilashi da ruwa, ta sauka bayan gida. Kullum haka take yi. Can bakin rafi kwakwata take. Ranar da aka haife ni aka binne cibiyata tare da ƙwallon kwakwa ɗaya, muka tashi tare. Kowa a garinmu yana da bishiyarsa. Ba a sarar ta, ba a haƙa gindinta, muddin mai ita na numfashi. Ta wani maƙwabcinmu Evaristo ambaliya ta tuge, bai ƙara wata ba a duniya. Mama kan share gindin tawa, ta ajiye kofin ruwa, ta ce don lafiyata ne. Ita kanta ba ta shan ruwan kwakwar. Wai yana murɗa mata ciki.

Tana ɓacewa na buɗe akwatinta.

Kyandir ɗin na naɗe cikin farin ƙyalle, ƙarƙashin rigar cocinta. Shi kaɗai ya rage na bana. Bai kai tsawon tafin hannu ba.

Na sa shi a aljihu. Na ɗauki kwalin ashana.

*

Tun daga matakala warin ya tare ni.

Mata bakwai a ɗakin, suna jan carbi. Sun yi duk abin da suka sani. Sun sauke shi daga gado sun shimfiɗe a tabarma, ƙafafu na kallon ƙofa. Sun cire masa layar wuya. Sun kwance duk wani ƙulli da ke ɗakin, har igiyar labule, wai kada wani abu ya riƙe shi.

Iya Casilda na zaune a lungu, taba a baki, wutar a ciki kamar yadda tsofaffin masu wanki ke sha. Ita ta fara ganina.

"To, ga ɗan Nemesio. Dioselina, ɓoye wuƙaƙen kicin."

"Ba wuƙa na kawo ba, Iya."

Na fito da kyandir. Carbi ya tsaya a hannun kowa.

"Uwarka ta sani?"

"Za ta sani."

"Ɓarawon kaza na gani, ɓarawon mata na gani. Yau ga ɓarawon kyandir mai albarka. Na daɗe a duniya." Ta tofar da miyau ta taga. "Shigo, ɗan nan. Sau uku mutuwa na zuwa bakin ƙofar nan, ta leƙo, ta toshe hanci ta koma. Ku tashi mu ba su wuri."

"Ba inda za ku," na ce.

Suka tsaya.

"A filin ƙwallo ya nuna shi, gaban kowa. Gaban kowa zai faɗa."

Na tsuguna a kansa.

Mutumin da ke saɓa injin kwalekwale a kafaɗa shi kaɗai. Yanzu ya koma kamar bandar kifi. Idanu kawai suka rage masa.

"Ɗana..."

"Ɗanka na can birnin Medellín."

Ya ƙura min ido.

"Ba ka nemi albarka ba."

"Na ƙoshi."

Idonsa ya sauka kan kyandir. Ya maƙale a wurin. Yatsunsa suka fara motsi a kan tabarma, kamar kaguwa na neman rami.

"Ba ni... Duhu nake gani, Efrén. Akwai mutane a cikin duhun."

"Ka gane su?"

Ya rufe ido.

Na buɗe kwalin. Ruwa ya jiƙe na gefe duka. Uku suka rage busassu. Na ƙyasta ɗaya, na riƙe ta tsakanin fuskata da tasa.

"Wa ya ƙetarar da sojojin?"

Ya kawar da kai.

"Ubana bai taɓa ɗaukar mai kaki a kwalekwalensa ba. Wa ya ɗauka?"

Wutar ta ci tsinken har ta lashi yatsana. Na sake shi.

"Saura biyu."

"Akwai wuta a murhu!" Dioselina ta yi tsawa. "Kai ba ka jin tsoron Allah? Mutum na fama da ransa kana masa wasa?"

"Ɗauko wutar. Sai ki nemo abin da za ki kunna."

Na ƙyasta ta biyu. Kan ya ɓalle, ya faɗi, bai kama ba.

Tsohon ya yi wani nishi.

"Wilfrido."

Dioselina ta dafe bango. "Baba?"

"Yayanki ne. Shekararsa goma sha bakwai. Sojoji suka ce ya ƙetarar da su, ya ɗauka abin alfahari ne. Da mutanen daji suka tara mu, yana tsaye bayana. Ina jin haƙoransa na haɗuwa."

"Sai ka duba wa?"

"Ban duba ba. Compadre na tsaye kusa da ni. Shi ne... shi ne mafi kusa."

Compadre. Abin da uba da uban baftisma ke kiran juna ke nan. A wurinmu ya fi ɗan'uwan ciki nauyi. Ko zagi ba ya shiga tsakaninsu, don a gaban Allah aka ƙulla.

"Mafi kusa," na ce.

"Da ɗanka ne..."

"Ba ni da ɗa. Uba ma ba ni da shi."

Wata daga cikin matan ta yi alamar gicciye. Iya Casilda ta cire tabar daga baki, ba ta mayar ba.

"Ya san ƙarya kake?"

"Ya sani. Ya kalle ni, ya kalli Wilfrido. Da ya buɗe baki, da yarona suka ɗauka. Bai buɗe ba. Sai da suna jan sa ya waiwayo ya ce, 'Compadre, yaron.' Kai yake nufi."

Na juya fuskata ga bango. Ba zan yi kuka a gabansa ba.

"Na cika masa," in ji tsohon. "Ni na koya maka tuƙi. Ni na koya maka jefa koma."

"Ka koya min sunkuya wa hannun da ya kashe shi."

"Efrén," Dioselina ta durƙusa, muryarta ta dushe. "Ya faɗa. Ka ji abin da kake so. Ni ma na ji abin da ban so ba. Kunna masa."

Na ƙyasta ta ƙarshe. Ta kama. Na kunna kyandir.

Matan suka zube a gwiwa ba tare da an ce musu ba. Iya Casilda ta fara, "Yesu, Yesu, Yesu ya raka ka..."

"Tukuna, Iya."

Na riƙe kyandir ɗin sama da ƙirjinsa, inda yake gani amma hannu ba ya kaiwa. Kitsen ya fara ɗiga min a yatsu. Ban damu ba.

"Ina yake?"

"Sa min a hannu, sai in faɗa."

"Ba ciniki na zo ba. Gajere ne, dubi yadda yake narkewa. Babu wani sai Fabrairu. Za ka kai Fabrairu a haka?"

Ya ja numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Kwana uku na yi ina bin kogi, kamar mai kamun kifi. Na same shi a kwanar ƙasa, saiwoyi sun riƙe shi. Na jawo shi cikin kwalekwale, na rufe da ganyen agade."

"Sai?"

"Maƙabarta suna gadinta. Daji nasu ne. Duk inda suka ga sabuwar ƙasa sai sun tone. Na ce ina ne wurin da ɗan garin nan ba zai taɓa sa shebur ba, su ma ba za su duba ba, don kullum a share yake."

Ban gane ba. Iya Casilda ce ta riga ni.

"Wayyo Maryamu Uwar Allah," ta ce a hankali.

"Ina?" na ce.

"Gindin kwakwarka."

Ruwan sama na dukan kwano. Shi kaɗai nake ji.

"Ta gefen rafi. Taku biyu daga jikinta. Yanzu saiwa ta naɗe shi duka. Ba ya fitowa sai an kayar da ita." Ya yi tari. "Na ce ya kwanta kusa da cibiyar ɗansa. Na ce... abin da zan iya yi masa ke nan."

Shekara goma sha ɗaya ina hawa bishiyar nan. Ina sare kan kwakwa in kafa kai in shanye. Abokaina na cewa tawa ta fi ta kowa zaƙi a Playa Mansa. Ina dariya. Ina ba su su ɗanɗana.

"Ka san me ka yi?" na ce. Muryar ba tawa ba ce. "Ka sa shi inda in na tono shi, ni zan bi."

"Kada ka tono. Ka bar shi. Ka rayu."

"Ka kashe shi don ɗanka. Sannan ka ɗaure gawarsa da raina, don kada asirinka ya fito."

"A'a! Ba haka... Efrén, na faɗa duka. Na roƙe ka da ruwan da na zuba maka. Ka ce ka yafe. Kalma ɗaya. Sa min hasken."

Ya ɗaga hannun. Na dama. Yatsan nan na nuni ya miƙe.

Na sauko da kyandir a hankali. Matan suka ci gaba da kiran Yesu. Dioselina ta tallabi gwiwar hannunsa tana taya shi ɗagawa. Hasken ya faɗa kan fuskarsa, na ga ta saki, kamar yaron da ya hango uwarsa a kasuwa.

Yatsunsa suka taɓa kitsen.

Na jiƙa yatsuna biyu da miyau, na matse wutar.

Hayaƙi siriri ya tashi tsakaninmu.

"Ubana wa ya riƙe masa kyandir?"

Ihun da tsohon ya yi, ban san akwai sauran irinsa a jikinsa ba.

Dioselina ta yi kaina, tana yaƙushina, tana neman aljihun. Na ture ta. Matan suka riƙe ta.

"Allah ya isa! Allah ya isa tsakanina da kai, Efrén Chaverra!"

"Ki aika wa yayanki. Shi ya fi cancanta."

Iya Casilda ta tare ƙofa da sandarta.

"Ɗan nan, saurara. Na girmi uwarka. Wanda ya tafi a duhu ba ya tafiya. Yawo yake. Kuma ƙofarka zai fara ƙwanƙwasawa."

"Ya zo. Ina da sauran tambayoyi."

"Efrén!" Muryar tsohon daga tabarma. "Tsaya... ban gama ba... akwai..."

Ban tsaya ba.

Addarsa na rataye a baranda, shebur na jingine a ƙasanta. Watakila ma shi ne shebur ɗin. Na ɗauki duka biyun.

*

Ban bi ta gida ba. Ta bayan coci na yanke, taɓo har idon sawu.

Tun daga nesa na hango ta.

Mama na zaune a gindin kwakwar, ta jingina baya da ita, ba takalmi, ba lema. Ta ɗaure yatsan da tsumma. Kofin ruwan na gefenta. Ta gefen rafi. Taku biyu daga jikin bishiyar.

Na tsaya ina kallon kofin.

A garinmu, in mutum ya mutu, ana ajiye masa kofin ruwa ƙarƙashin makara, don kurwarsa ta sha in ta ji ƙishi. Na ga uwata na yin haka a gidaje ɗari. Ban taɓa haɗa biyun ba.

Ta dubi addar. Ta dubi shebur.

"Ka kunna masa?"

"Na kunna. Na kashe."

Ta runtse ido.

"Tashi daga nan, Mama."

"Ajiye addar."

"Baba na ƙasan nan."

Na jira ta yi ihu. Na jira ta faɗi, ta tona ƙasa da farce, ta kira sunansa.

Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ajiye addar, Efrén."

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji."

"Mama."

"Wa kake tsammani ya riƙe masa fitila yana haƙa?"

Shebur ya suɓuce daga hannuna.

"Ƙarya ne."

"Ni na wanke shi. Ni na ɗaure masa haɓa da ɗankwalina. Kana ɗaki kana barci, da zazzaɓi."

"Kin san shi ya nuna shi?"

"Daga baya. Bayan wata uku. A ranar dai, mutumin da ya sa ransa a haɗari ya kawo min mijina kawai na gani. Hannunsa na sumbata." Ta tofar. "Har yau ina jin ɗanɗanon."

"Mutanen daji sun tafi shekara shida ke nan. Shida! Ana zuwa daga birni ana tono mutane, ana kai su maƙabarta. An tono na gidan Rentería. An yi musu waƙa. Ke kika yi waƙar!"

"Ni na yi."

"Shi kuma kika bar shi kamar kare."

"Na zo da shebur, shekarar da suka tafi. Ni kaɗai. Na haƙa kamu ɗaya, na tarar saiwa ta rufe ko'ina. Na sare guda ɗaya. Guda ɗaya tak. Ka tuna makon da ka kwanta, kana aman jini, har aka kira ni in kawo kyandir gidana?"

Na tuna. Likita ya ce sauro ne.

"Na mayar da ƙasar. Na ce Nemesio, ka yi haƙuri. Kai ka riga ka tafi, wannan yana nan. Na zaɓi mai rai."

"Shi ya sa kika ƙi zuwa wurin Padrino. Ba don kin tsane shi ba."

"Na tsane shi. Amma na san in ya ga haske bakinsa zai buɗe. Na ce gara ya ruɓe da ita a ciki."

"Shi ya zaɓi ɗansa. Ke kin zaɓi ɗanki. Ubana wa ya zaɓe shi?"

Ruwa na gangara daga haɓarta.

"Duk kwakwar da na kawo miki kina cewa ciki. Kina kallona ina sha."

"Ina kallonka kana girma."

Daga can cikin gari aka ƙwala kira. Muryar Iya Casilda ce, ta tsufa amma tana kaiwa nesa.

"Orfelina! Yana tafiya! Orfelina, kyandir!"

Mama ta miƙo hannu.

"Ba ni."

"A'a."

"Ba don shi ba. Shekara talatin ban bar kowa ya tafi a duhu ba. Kwana tara ina ƙin mutum, ban runtsa ba. In ya tafi haka, alhakin a wuyanka zai sauka, kai ka kashe wutar. Ba ni in gudu, ko da numfashi ɗaya ya rage."

Na ciro kyandir ɗin. Har yanzu da ɗumi.

"Ki tashi daga gindin bishiyar, sai in ba ki."

Ta dubi hanyar gari. Ta dubi addar. Na ga ta gane. In ta tafi, ta dawo ta tarar da kwakwa a ƙasa. In ta zauna, Padrino ya tafi ba haske.

"Ɗan da na haifa," ta ce. "Ni kake yi wa haka?"

"Kun iya zaɓe, ke da shi. Zaɓi."

"Orfelinaaa!"

Ta yunƙura kamar za ta tashi. Sai ta koma. Ta juya, ta rungumi jikin bishiyar da hannu biyu, ta manna kumatunta a kai.

Ni ta sake zaɓa.

Na mayar da kyandir aljihu.

"Wannan na Baba ne. A kansa za a kunna shi, ranar da ya fito."

Can cikin gari kiran ya yanke. Sai kukan Dioselina ya tashi, dogo, irin wanda ba a yin sa sai an cika.

Ya tafi. A duhu.

Na zata zan ji sanyi a raina. Babu abin da na ji.

Na zagaya ɗaya gefen bishiyar, inda hannuwan Mama ba su kai ba. Na gyara tsayuwa. Na tofa wa tafin hannuna miyau.

"Efrén, cibiyarka ce! Ranka ne!"

"Na sani."

Na ɗaga addar Padrino da hannu biyu, na sauke.

Ta shige jikin kwakwar har rabi. Bishiyar ta girgiza tun daga sama, ruwan ganye ya zubo mana.

Mama ba ta yi ihu ba.

Ta buɗe baki, ta tayar da alabao. Waƙar da ta riƙe a ciki shekara goma sha ɗaya. Ita kaɗai, ba mai amsa mata.

Na fizge addar, na sake ɗagawa.

Ban san wa take rakawa ba a cikinmu uku.